Kitse a Ƙwayoyin Hanta da Sinadaran Abinci: Tambayoyi da Amsoshi

Kusan kowane mako sai mutum ya ci karo da labarin cewa masana sun gano wani sinadari a cikin ganye ko 'ya'yan itace da ke "narkar da kitsen hanta". Akasarin labaran suna da tushe, domin an yi gwajin. Abin da ake yawan tsallakewa shi ne inda aka yi shi: a cikin faranti, a jikin ɓera, ko a jikin ɗan Adam. Ga tambayoyin da aka fi yi idan maganar ta taso.

Me ya haɗa hanta da kitse tun farko?

Hanta kamar tasha take. Sukari da yawancin abubuwan da hanji ya tsotsa suna bin wata babbar jijiya su sauka a cikinta kafin su zagaya jiki. Nauyinta a jikin baligi ya kai kilo 1.5, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na girmanta ƙwayoyi ne iri ɗaya da ake kira hefatosayit, wato ƙwayoyin hanta.

Kowace ƙwaya tana da ƙofa biyu da kitse ke shigowa, da ƙofa biyu da yake fita. Yana shigowa daga jini, ko kuma ita da kanta ta ƙera shi daga sukari. Yana fita idan ta ƙona shi a mitokondiriya, ɗan murhun da ke cikinta, ko ta naɗe shi a wani ƙunshi mai suna VLDL ta tura shi cikin jini. Idan mai shiga ya fi mai fita, sai rarar ta taru ɗigo-ɗigo a cikin ƙwayar. Duk binciken da za ku gani a wannan fanni, komai tsawon sunayen da ke cikinsa, a bakin ɗaya daga ƙofofin nan huɗu yake tsaye.

Ke nan man da na ci ne ke taruwa a hantata?

Kaɗan daga ciki. A 2005 wata tawaga a Jami'ar Minnesota, ƙarƙashin Elizabeth Parks, ta ba masu kitsen hanta wasu sinadarai masu alama ta abinci da ta jijiya, sannan aka ɗebi ɗan tsokar hantarsu aka duba. Kashi 59 cikin 100 na kitsen ya zo ne daga asid ɗin kitse da ke yawo a jini, wanda yawancinsa daga rumbun kitsen jiki ya kwararo. Kashi 26 hantar ce ta ƙera. Kashi 15 kacal ya zo kai tsaye daga abinci. Mutum 9 ne kawai aka auna, amma har yau da waɗannan alƙaluma ake buɗe magana.

Insulin ne ke kulle rumbun kitsen jiki bayan an ci abinci. Idan jiki ya daina jin maganar insulin, kamar yadda ake gani ga masu ƙiba da masu ciwon suga nau'i na biyu, sai rumbun ya riƙa yoyo dare da rana, hanta kuma ita ce ke tare abin da ya zubo.

Yaya sukari yake komawa kitse?

Ƙwayar hanta tana farfasa gulukos zuwa ƙananan gutsattsari, sannan wasu enzayim biyu, wato sinadaran da ke gudanar da aiki a cikin ƙwaya, ACC da FASN, su jera gutsattsarin su zama asid ɗin kitse. Akwai masu ba da umarnin a fara aikin. Ɗaya shi ne SREBP-1c, wanda insulin ke tayarwa. Ɗakin binciken Michael Brown da Joseph Goldstein a Dalas ne ya gano dangin SREBP a 1993. Ɗayan shi ne ChREBP, wanda sukarin da kansa ke tayarwa, wanda Kosaku Uyeda ya gano a 2001.

Akwai wata hikima a nan da Denis McGarry da Daniel Foster suka bankaɗo a 1977. Abu na farko da ACC ke samarwa, malonil-CoA, shi ne kuma ke toshe ƙofar da kitse ke bi ya shiga murhu. Wato ƙwayar ba ta ƙera kitse tana ƙona shi a lokaci guda. Tsari ne mai kyau ga wanda ke ci yana jin yunwa a tsakani. Ga wanda sukari ba ya yankewa a jininsa kuwa, ƙofar murhun kusan kullum a kare take.

Masu kiwo sun riga masana sanin cewa sukari yana komawa kitsen hanta. A zane-zanen kaburburan Masar na kimanin shekara 4,500 da suka wuce ana ganin mutane suna yi wa tsuntsayen ruwa ɗura. Rumawa da ɓaure suke ɗura su don hantar ta kumbura da kitse, har sunan hanta a Faransanci da Italiyanci daga kalmar ɓaure ta Latin ya samo asali. Yau da masara ake yi. Ba mai ne ginshiƙin ɗurar ba.

Yaushe ake cewa abin ya zama cuta, kuma me ya sa sunayen suke ta sauyawa?

Idan sama da kashi 5 cikin 100 na ƙwayoyin hanta suka cika da ɗigon kitse, an shiga sahun masu kitsen hanta. Ana ƙiyasta kusan kashi 30 cikin 100 na baligan duniya suna ciki. Yawancinsu a nan suke tsayawa. Wasu kuwa hantar tana kumburi, ƙwayoyi suna mutuwa, tabo yana maye gurbinsu, har ta kai hantar ta ƙanƙance ta taurare, wani lokaci ta kai ga sankara.

Jurgen Ludwig da abokan aikinsa a asibitin Mayo ne suka raɗa wa matakin kumburin suna NASH a 1980, bayan sun ga hanta irin ta mashaya giya a jikin mutanen da ba sa sha. A 2023 ƙungiyoyin likitocin hanta suka sauya sunayen zuwa MASLD ga cutar baki ɗaya da MASH ga matakin kumburin, domin tsohon sunan yana faɗar abin da bai kawo cutar ba ne kawai, wato giya, sabon kuma yana nuna alaƙarta da ƙiba, suga, hawan jini da kitsen jini. Idan kun ga NAFLD a tsohuwar takarda, kusan cuta ɗaya ake nufi.

Kitsen ne da kansa yake lalata hantar?

A nan gizo ke saƙar. Idan aka zuba wa ƙwayoyi oleyit, asid ɗin da ya fi yawa a man zaitun, sai su cika da manyan ɗigon kitse amma su rayu. Idan aka zuba musu falmitet, asid ɗin da ke cikin mai mai daskarewa, ɗigon ba ya kai na farko yawa, amma ƙwayoyin suna galabaita su mutu. Idan aka haɗa biyun, oleyit yana jan falmitet zuwa cikin ɗigon, ɓarnar ta ragu. Ɗigon da ake gani a madubin likita tamkar kurkuku ne da ƙwayar ke kulle mugun abu a ciki.

A 2007 aka gwada wannan a jikin ɓeraye masu ƙiba da aka ɗora a kan abincin da ke ɓata hanta: aka toshe DGAT2, enzayim ɗin da ke kammala haɗa kitsen ajiya. Kitsen hanta ya ragu, amma lalacewar ƙwayoyi da tabo suka ƙaru. Saboda haka idan aka ce wani sinadari "ya rage ɗigon kitse", tambayar da ya kamata ta biyo baya ita ce: ina asid ɗin ya tafi? An ƙona shi, an hana ƙera shi, ko an bar shi yana yawo a sake?

A jikin mutane ma, yawan tabo ne ya fi nuna wanda ke cikin haɗari, fiye da yawan kitsen. Kuma abin da ya fi kashe masu wannan lalura ciwon zuciya ne.

Yaya ake yin irin wannan gwaji a ɗakin bincike?

Akasari da ƙwayoyin HepG2 ake yi. An samo su a 1975 daga ƙarin hantar wani yaro ɗan shekara 15, masu bincike a Cibiyar Wistar da ke Filadelfiya suka raino su, kuma har yau suna hayayyafa a ɗakunan bincike a faɗin duniya. Akwai kuma Huh7, daga Japan, tun 1982.

Ana shimfiɗa su a faranti, a zuba musu oleyit da falmitet, sau da yawa kashi biyu da kashi ɗaya, a bar su kwana guda. Sai a ƙara sinadarin da ake gwadawa, a rina ƙwayoyin da wani jan rini mai kama kitse, a auna jan. Daga nan a duba ko SREBP-1c ya sauka, ko AMPK ya tashi. AMPK ɗin nan shi ne ma'aunin ƙarfin ƙwaya: idan ya tashi, yana kashe ACC, ƙera kitse ya tsaya, ƙofar murhu ta buɗe. Za ku ga sunansa a kusan kowace takarda ta irin wannan bincike. Ni dai yawan ganinsa ya sa ba na ɗokinsa, domin duk abin da ya takura wa ƙwaya, har da guba, yana iya tayar da shi.

To me ya hana a yarda da sakamakon faranti?

Ana yarda da shi a matsayinsa: yana nuna hanyar da abu zai iya bi. Amma HepG2 ƙwayoyin ƙari ne. Ba sa naɗe VLDL yadda lafiyayyar hanta ke yi, kuma enzayim ɗin da ke sarrafa magunguna sun yi ƙaranci ƙwarai a cikinsu. Ruwan da aka saba renonsu a ciki yakan ɗauki sukari ninki biyar na jinin mai lafiya. Babu hanji a farantin, babu rumbun kitse, babu ƙwayoyin garkuwar jiki, babu ƙwayoyin da ke saƙa tabo. Ƙwayoyin da aka ciro daga hantar mutum kai tsaye sun fi kusa da gaskiya, sai dai suna da wuyar samu, kuma cikin 'yan kwanaki suke fara rasa halayensu. Shi ya sa yanzu ake ƙoƙarin renon su a dunƙule, haɗe da sauran ƙwayoyin hanta.

Babbar matsalar kuwa ita ce yawa. Resberatirol, sinadarin da ke ɓawon inabi, ya isa misali. A faranti yana rage kitse. A 2006 wani bincike da ya yi tashe ya nuna ya gyara hantar ɓerayen da aka ɗora a kan abinci mai maiko. Amma idan mutum ya haɗiye shi, hanji da hanta suna sauya masa siffa nan take, ƙasa da kashi 1 cikin 100 ne ke isa jini yadda yake. A 2014 aka gwada shi a Birisben ta Ostireliya: maza 20 masu kitsen hanta, aka ba wasunsu miligiram 3,000 kullum tsawon mako 8, sauran aka ba su ƙwayar wofi. Kitsen hantar bai ragu ba, kuma alamun rauni na hanta a jinin waɗanda suka sha sai suka ɗan hau. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ɓeraye fa? Ai su jiki ne sukutum.

Sun fi faranti, amma kowane irin gwajin ɓera da gurguntarsa. Idan aka ba su abincin da kashi 60 na ƙarfinsa mai ne, suna ƙiba, hanta ta yi kitse, amma tabo ba ya yin nisa. Idan aka ba su abincin da aka cire wa wasu sinadaran abinci biyu, metiyonin da kolin, kumburi da tabo suna zuwa da wuri, amma ɓeran ramewa yake yi, akasin yawancin masu cutar. Ƙari a kan haka, sau da yawa ana fara ba ɓera sinadarin ne rana ɗaya da mugun abincin. Wannan rigakafi aka gwada, alhali mai saye a kanti ya shekara goma da cutar.

Kurkumin da koren shayi daga tsiro suke. Ko ba su yi amfani ba, ai ba za su cutar ba?

Kurkur a cikin girki da koren shayi a kofi ba su ne abin damuwa ba. Maganar tana kan ƙwayoyin da aka tattara sinadarin a ciki.

Kurkumin, mai ba kurkur launinsa, da ƙyar yake ratsa hanji. Don haka masu haɗa ƙwayoyin suke ƙara fiferin, sinadarin yajin masoro, wanda wani binciken 1998 ya nuna yana ninka abin da ke isa jini sau 20. Sakamakon haka aka fara ganin abin da a da ba a cika gani ba. A 2019 hukumomin lafiya a Italiya suka tattara rahotannin ciwon hanta ga masu shan irin waɗannan ƙwayoyi, a 2022 kuma cibiyar da ke bibiyar raunin hanta daga magunguna a Amurka ta bayyana mutum 10, yawancinsu masu ɗauke da wata ƙwayar gado mai suna HLA-B*35:01. Masana haɗa magunguna kuma sun daɗe suna kokawa cewa kurkumin yana ruɗa na'urorin gwaji, ya nuna kamar yana aiki a kan kusan komai.

Koren shayi yana da wani sinadari mai suna EGCG. A 2018 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta ce shan miligiram 800 ko fiye a rana ta hanyar ƙwayoyi yana da alaƙa da hauhawar alamun raunin hanta a jini. Mai shan waɗannan don ya gyara hanta yana iya gudun gara ya faɗa gidan zago. Duk wanda ke shan wasu magunguna, ya nuna wa likitansa kwalbar kafin ya fara.

Akwai wanda ya ci jarrabawa a jikin mutane?

Bitamin E ya fi kusa. A gwajin PIVENS da aka wallafa a 2010, an raba baligai 247 masu kumburin hanta waɗanda ba su da ciwon suga. Bayan mako 96, kashi 43 cikin 100 na masu shan IU 800 (ma'aunin bitamin) a rana sun samu sauƙi a tsokar hantar da aka duba, idan aka kwatanta da kashi 19 na masu shan ƙwayar wofi. Tabon kuwa bai ragu a fili ba. Kuma wani babban gwaji dabam, SELECT, ya nuna ƙarin haɗarin sankarar mafitsara ta maza, wato furosteti, da kashi 17 ga masu shan bitamin E na dogon lokaci. Don haka likita ne ke yanke wanda ya dace da shi.

Man kifi mai omega-3 yana sauke kitsen jini, yana iya ɗan rage na hanta, amma bai gyara kumburi da tabo ba a gwajin da aka duba tsoka. Masu shan kofi an sha ganin ba su cika samun taurarewar hanta ba, sai dai wannan daga bibiyar jama'a aka gani, ba daga raba su gida biyu ba.

Kolin labarinsa dabam ne, domin ana sanin aikinsa sarai: da shi ake yin bangon ƙunshin VLDL. Idan ya yi ƙaranci, kitse ba ya samun abin hawa, sai ya maƙale. An tabbatar da haka a jikin mutanen da aka rage wa shi a abinci, kuma da aka mayar musu hantar ta warware. A 1998 aka sa shi cikin sinadaran da jiki ke buƙata daga abinci. Ƙwai da hanta suna da shi da yawa. Cike giɓi ne amfaninsa. Irin wannan maƙalewar ce ake dangantawa da hantar yaran da ke fama da tamowa irin ta kwashoko, waɗanda ga rama ga kitse a hanta.

Tsakanin sukari da mai, wanne ya fi ɓarna?

An gwada a Helsinki, aka wallafa a 2018. Mutum 38 masu ƙiba aka ƙara wa kalori 1,000 a rana tsawon mako 3. Waɗanda ƙarin nasu mai mai daskarewa ne, kitsen hantarsu ya ƙaru da kashi 55 cikin 100. Na masu sukari da kashi 33. Na masu man da ba ya daskarewa da kashi 15.

Furuktos, rabin sukarin da ake zubawa a abin sha, yana da tasa matsalar: yana tsallake shingen da ke rage gudun gulukos a cikin ƙwaya. Bincike a kan ɓeraye a Jami'ar Princeton a 2018 ya nuna ƙaramin hanji yana tare kaɗan, sai ya yi yawa a lokaci guda yake malala zuwa hanta. Wannan ya yi daidai da abin da aka daɗe ana lura da shi, cewa kwankwaɗar lemon kwalba dabam, cin ɗan itace sukutum dabam. A 2019 aka gwada yara maza 40 masu kitsen hanta a Amurka: waɗanda aka rage wa sukari tsawon mako 8, kitsen ya sauka daga kashi 25 zuwa 17, sauran kuma daga 21 zuwa 20.

Ni siriri ne. Zan iya samu?

Ƙwarai. A 2008 Helen Hobbs da Jonathan Cohen da tawagarsu a Dalas suka gano wani ɗan sauyi a ƙwayar gado mai suna PNPLA3, wanda ke sa kitse ya maƙale a cikin ɗigon. A mutanen da suka bincika, yawansa ya kai kashi 49 ga 'yan asalin Latin Amurka, 23 ga fararen fata, 17 ga baƙaƙen fata. Abin dariya, ƙwayoyin HepG2 ma suna ɗauke da shi, kuma takardu da yawa ba sa ambaton hakan. Kitsen tumbi ga marar jiki, wasu magunguna, da giya duk suna kawo shi.

Me aka fi tabbatar yana aiki?

Rage nauyi. A wani bincike a Habana ta ƙasar Kuba, wanda aka wallafa a 2015, an bi mutum 293 tsawon mako 52, aka duba tsokar hantarsu kafin da bayan. Cikin waɗanda suka zubar da kashi 10 ko fiye na nauyinsu, kumburin ya warke ga kashi 90, tabo ya ja baya ga kashi 45. Amma kusan mutum ɗaya cikin goma ne ya kai wannan matakin, kuma nan wahalar take. Motsa jiki yana rage kitsen hanta ko da sikeli bai nuna sauyi sosai ba.

Ta fuskar magani, a watan Maris na 2024 hukumar FDA ta Amurka ta amince da resmetirom, maganin farko na wannan cuta a ƙasar, wanda ke tayar da makarɓar sinadarin tayirod a cikin hanta don a ƙona kitse. A watan Agusta na 2025 ta amince da semagulutayid. Dukansu na masu kumburi ne da tabon da ya fara nisa, kuma sai da aka duba tsokar hantar ɗaruruwan mutane kafin a amince.

Gwajin jinina ya nuna ALT lafiya lau. Na tsira?

Ba lallai ba. Mutane da yawa masu kitsen hanta, har da masu tabo, ALT ɗinsu, wato sinadarin da ke hawa a jini idan ƙwayoyin hanta suka ji rauni, daidai yake. Hoton ciki na yau da kullum ma ba ya kama kitsen idan bai yi yawa ba. Likitoci sukan fara da wani lissafi mai suna FIB-4, wanda ke haɗa shekaru, ALT, ɗan'uwansa AST da yawan ƙwayoyin daskarar da jini. Idan lissafin ya hau, sai a auna taurin hantar da na'ura irin FibroScan, wadda ake ɗorawa a tsakanin haƙarƙari, ba allura ba yanka. Ɗiban tsoka sai idan abin ya shige duhu, domin allurar kusan kashi ɗaya cikin 50,000 na hantar take ɗaukowa, kuma tana iya sauka a wurin da ya fi sauran lafiya. Mai ciwon suga nau'i na biyu ko mai ƙiba yana iya neman likitansa ya yi masa lissafin FIB-4 daga gwajin jinin da ya riga ya yi.